Warin Kaki Bayan Ciwon Huhu Ba Abin Rainawa Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin masu karatu kan wani nau'in ciwon huhu da ke rikiɗewa ya tara mugunya a ƙirji, wanda sau da yawa ba a gane shi sai ya yi nisa.

Tushen matsalar yana cikin baki. A tsakanin haƙora da dasashi akwai ƙwayoyin bakteriya da ba sa jure iskar oksijin, irin su Prevotella da Fusobacterium, kuma suna ƙaruwa ƙwarai a bakin da ba a kula da tsabtarsa. Idan mutum ya fita hayyacinsa, ko saboda farfaɗiya, ko maye, ko shanyewar ɓarin jiki, sai yawu ko amai ya zarce cikin huhu ɗauke da su, galibi ta ɓangaren dama domin hanyar iskar can ta fi miƙewa. Cikin mako 1 zuwa 2 sukan cinye naman huhu su bar rami mai ƙurji, ko kuma su ratsa zuwa tsakanin huhu da bangon ƙirji inda mugunya ke taruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ciwon ke zuwa a hankali, da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, har a ɗauka tarin fuka ne. Alamar da ta fi fallasa shi ita ce kaki mai ɗoyi, wanda majinyaci kan ɓoye don kunya, alhali shi ne bayanin da likita ya fi buƙata, tunda waɗannan ƙwayoyi kan mutu da zarar sun sha iska, gwajin kaki na yau da kullum ba ya nuna su.

Idan mugunya ta riga ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, canza magani bayan magani ɓata lokaci ne. Dole a ɗauki hoton ƙirji, a sa roba tsakanin haƙarƙari a zuƙe ta, sannan a ci gaba da maganin da likita ya zaɓa na makonni, domin jinkiri kan sa ta yi kauri ta ɗaure huhu har sai an yi tiyata.

Ina roƙon masu jinya su riƙa kwantar da wanda ya suma ta gefe, kada su ɗura masa ruwa ko abinci sai ya farfaɗo sosai, su kuma kula da goge haƙoran marasa lafiyar da ke kwance.

Naku,
Wani mai karatu