Wasiƙar Zango na Biyu ga Iyaye: A Dakata da Biyan Kuɗin "Digirin Ƙasar Waje"

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, da yayye da kawunnai da gwaggwanni masu riƙon yaranmu, muna gaishe ku da fatan an shiga sabon zango lafiya. Allah Ya saka da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi a wannan lokaci na tsadar rayuwa. Wasiƙar nan ta sakamakon jarrabawar gwaji ce ya kamata ta zama, amma wani al'amari ya sha gabanta. Ya fi shafar iyayen 'yan aji shida, sai dai ina roƙon kowa ya karanta har ƙarshe, wanda ba ya karatun boko a karanta masa.

Tun da aka dawo hutu wasu mutane ke tsayawa daura da ƙofa lokacin tashi suna raba wa yara takardun talla. Baba maigadi ne ya fara lura, ya karɓi ɗaya ya kawo ofis ba tare da an sa shi ba, kuma ina yi masa godiya a gaban kowa. Takardar mai sheƙi ce, da tutar wata ƙasa a kusurwa da hoton samari cikin rigar kammala karatu suna cilla huluna sama. Alkawuran da ke ciki su ne digirin jami'ar ƙasar waje ba tare da yaro ya bar gari ba, babu JAMB, babu yajin aiki, a gama cikin ɗan lokaci, a biya kaɗan-kaɗan, sannan wai bautar ƙasa tabbas ce. Malaminmu mai ba ɗalibai shawara ya bi adireshin da ƙafarsa. Ɗakuna ne a saman bene, ƙasansu shagon sayar da taya, da kujerun roba da allo ɗaya. Da ya nemi ganin takardar izini, sai aka nuna masa hoton wani Bature yana musabaha da mai wurin.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. Duk wanda zai koyar da karatun digiri a cikin ƙasar nan, ko sunan Landan ya rataya a ƙofarsa ko na Kwatano, sai da izinin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC. Ingancin uwar jami'ar a can ƙasarta bai wadatar ba. Tana iya zama jami'a ta gaske mai rajista a gida, amma ɗakunan da aka kama haya a nan ba su da izinin kowa, wani lokaci ma uwar jami'ar ba ta san da zamansu ba. Ko wurin yana da izini, sai an duba shi kansa kwas ɗin da yaro zai karanta, domin hukumar kwas-kwas take tantancewa. Ta daɗe tana wallafa jerin haramtattun jami'o'i, sun haura 50, kuma da yawansu sunayen Ingila da Amurka da Ghana da Benin suke ɗauke da su. A gaban sunan za ka ga an rubuta cewa haramcin ya haɗa da duk wani reshe nasu a ko'ina a Najeriya.

Inda abin yake fashewa shi ne ranar neman tafiya bautar ƙasa. Hukumar NYSC ƙofa biyu gare ta. Wanda ya yi karatu a gida, jami'arsa ce za ta tura sunansa, kuma dole a same shi a rajistar JAMB ta waɗanda aka ba gurbin karatu bisa ƙa'ida. Wanda ya yi a waje kuwa, zai kai kwalinsa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance, ya nuna fasfo mai ɗauke da hatimin fita da na dawowa, da shaidar cewa ya zauna a ƙasar. To yaron da ya yi shekara uku a saman benen can ta wace ƙofa zai shiga? JAMB ba ta san shi ba, fasfonsa kuma babu hatimi ko ɗaya, in ma yana da fasfon. Kun kuma sani mai digiri ba ya samun aikin gwamnati sai da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, manyan kamfanoni ma suna tambaya, haka jami'o'in da zai nemi digiri na biyu.

Ba labarin kanzon kurege nake ba ku ba. Wata tsohuwar ɗalibarmu, yarinya mai natsuwa da ƙoƙari, ta zo ofishina da mahaifinta bayan ta gama a irin wannan wuri a wani gari. Kwalin yana cikin leda, an naɗe shi da ɗankwali don kada ya yi datti, hatimi mai ruwan zinare a ƙasa, sunanta an rubuta shi da kyau. Mahaifin ya sayar da gonar gado ya biya. An yi walima, an ɗauki hotuna. Da ta je rajista aka ce ba a san makarantar ba, da suka koma wurin suka tarar an mayar da shi shagon ɗinki, lambar wayar ba ta shiga. Dattijon nan tambaya ɗaya yake ta maimaita mini: "Malam, yanzu babu yadda za a yi?" Abin da kawai ya rage shi ne ta sake zana JAMB ta fara daga farko, ƙawayenta kuwa har sun gama bautar ƙasa. Ba tsuntsu ba tarko. Ba na so in sake ganin uba a wannan hali kan ɗan makarantar nan.

Da a ce shekarun baya ne, wani zai ce ai ana lallaɓawa a wuce. Yanzu an sa ido sosai. A ƙarshen Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya tafi bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agustan shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ne ke yawo da kwalin bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i biyar kawai aka amince da su a Benin, uku a Togo. Abin tausayi, har waɗanda suka je suka yi karatu tsakaninsu da Allah sun shiga tasku. Tun daga nan ma'aikatu suka koma binciken takardun ma'aikatansu, wanda ya samu aiki da irin wannan kwali ma bai tsira ba.

Na ji an ce wai Malam ya tsani karatun waje. Ko kaɗan. Cikin malamanmu akwai wanda ya yi karatu a Khartum, akwai wanda ya yi a Alƙahira, kuma suna cikin waɗanda nake alfahari da su. Yaron da ya tsallaka Maraɗi ko Yamai ya zauna ya yi karatu a jami'ar da aka amince da ita, hanyar tantance takardarsa a buɗe take. Reshen jami'ar waje na gaskiya ma akwai shi a duniya, ga Jami'ar Lancaster ta Ingila da reshenta a Accra tun 2013. A nan gida, a 2023 NUC ta fitar da ƙa'idojin da jami'ar waje za ta bi idan tana son buɗe reshe ko haɗa gwiwa da wata jami'a tamu. Saboda haka mai gaskiya yana da hanyar samun izini, kuma zai nuna maka takardar tun kafin ka tambaya. Kada kuma suna ya ruɗe ku. Jami'ar Amurka da ke Yola da Skyline da ke Kano jami'o'in Najeriya ne masu zaman kansu, da lasisin gwamnati, kuma ta JAMB ake shigarsu. Kalmar nan "babu JAMB" ita kaɗai ta isa ta sa uba ya mayar da kuɗinsa aljihu.

Masu son yaransu su karanci likitanci ko aikin jinya ko haɗa magunguna ko lauya ko injiniya, naku ya fi tsauri, domin kowane fanni yana da majalisarsa da ke ba da lasisin aiki. Likitan da ya yi karatu a waje sai ya zana jarrabawar Majalisar Likitoci kafin ya taɓa maras lafiya. A 2022, lokacin da yaƙi ya koro ɗalibanmu daga Yukren, majalisar ta ce ba za ta karɓi karatun likitancin da aka yi ta intanet ba, alhali jami'o'in na gaske ne. Ina kuma ga cibiyar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje balle asibitin koyarwa? Iyaye mata, ku ne aka fi yi wa tallar kwas ɗin jinya a gidajen biki da ta WhatsApp. Hajiyoyi, a yi hattara.

Na san abin da ke tura mutane, kuma ban ga laifin uban da hankalinsa ya tashi ba. Yaro ya zana JAMB sau biyu bai samu gurbi ba, yana zaune a majalisa. Yarinya tana gida, 'yan uwa sun fara magana. An tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya cinye wata takwas, kuɗin fita waje kuwa ya fi ƙarfin kowa tun da Naira ta faɗi. Amma hanyoyin halal ba su ƙare ba. Akwai sake zama jarrabawar da kyakkyawan shiri. Akwai jarrabawar share fagen jami'a ta IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, wadda ke kai yaro aji biyu na jami'a kai tsaye idan ya ci. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha, akwai kwalejin ilimi, akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ga wanda zai haɗa da sana'a. Shekara ɗaya ta jira ba ta kai asarar huɗu ba.

Don haka kada kowa ya biya ko kuɗin fom kafin ya zo mana da takardun. Malamin ba da shawara yana zama kowace Talata da Alhamis bayan azahar, zai buɗe shafin NUC da na JAMB a gabanku ku gani da idonku ko sunan wurin da kwas ɗin suna ciki. Kyauta ne. Bawan Allah nan yana yin wannan aiki ne a kan darussansa, bai taɓa neman ƙarin ko kwabo ba, Allah Ya yi masa albarka. Wanda ya riga ya biya kada kunya ta hana shi zuwa, ya zo da rasidinsa, maganar ba za ta fita daga ofis ba.

Akwai kuma abin da ya ɓata mini rai. Labari ya iso ni cewa an yi wa wasu a cikin gida tayin kamasho kan kowane yaron da suka kai. Na faɗa a taron malamai, ina maimaitawa a nan: duk ma'aikacin da aka samu yana raba fom ɗin nan ko yana ba dillalai lambobin iyaye, ranar aikinsa ya ƙare a makarantar nan. Iyaye ma ina da ƙorafi a kanku. A taron zangon da ya wuce mun taɓo wannan batu, kujerun iyayen 'yan aji shida rabinsu babu kowa, kuma waɗanda ba su zo ba su ne yanzu ke bugo waya cikin dare. Aiko direba ko ƙanin yaro ba halarta ba ce.

Sauran batutuwa a taƙaice. Duk ɗan aji shida da bai da lambar NIN, ko sunansa da ranar haihuwarsa suka saɓa da na WAEC, a gyara yanzu, domin ba a rajistar JAMB sai da ita. Sakamakon jarrabawar gwaji yana hannun malaman aji, lissafi ya yi kyau ƙwarai, muna yaba wa malamar da ta sadaukar da Asabar ɗinta, Turanci kuwa da sauran aiki. Ana rufe ƙofa ƙarfe bakwai da rabi, kuma kun san su wa nake nufi. Wayar da aka kama a aji sai ƙarshen zango. An gyara famfon ɓangaren 'yan mata, godiya ga ƙungiyar iyaye da malamai. Masu ragowar kuɗin makaranta su ga ma'aji kafin hutun tsakiyar zango, wanda yake cikin matsi ya zo mu yi magana maimakon ya ajiye yaro a gida.

Taron iyaye zai kasance Asabar ta farko a wata mai kamawa, ƙarfe goma na safe, a babban ɗakin taro. Duk wanda aka ba ɗansa irin takardar tallar nan ya taho da ita.

Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.

Wassalam,
Shugaban Makaranta