A Tuna da Mata-Maza a Dokokin Jihar Gombe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin 'yan majalisar dokokin jiharmu game da yaran da Allah ya halitta mata-maza. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙinsa saboda yanayin haihuwarsa, amma a aikace babu mai tsaya musu.

A unguwarmu akwai wanda aka raɗa wa sunan mace ranar suna. Da ya balaga murya ta buɗe, gemu ya tsiro. Tsangwamar 'yan aji ta kore shi daga makaranta, mahaifiyarsa kuma har yau tana yawon ofisoshi don a gyara masa takardar haihuwa.

Abin mamaki, malaman fiƙihu tun tuni suka yi bayanin hukuncin irin waɗannan bayin Allah, har rabonsu na gado. Kenya ta ƙidaya su a 2019, mutum 1,524, ta kuma ambace su a dokar yara ta 2022.

Ina kira a yi doka mai sauƙaƙa gyaran takardu bisa shaidar likita, wadda za ta hukunta duk wanda ya kore su daga aji ko wurin aiki.

Naku,
Wata malamar makaranta, Gombe