Leƙowa Daban, Ziyara Daban

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka daga Malabo, a tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, wadda Sifaniya ta mulka har 1968, shi ya sa Sifaniyanci ne harshen hukuma da na takardu. Aikina tafinta tsakanin 'yan kasuwarmu da mutanen gari. Wata 'yar kalma ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kwanan baya wani maigidana ya aika wa mai sayen kayansa saƙo da Turanci cewa zai "drop by" shagonsa ranar Juma'a, wato zai ɗan leƙo. Yaron da ya juya saƙon ya rubuta "le haré una visita", wato zan kawo maka ziyara. Mai shagon, bawan Allah, ya sa aka yi girki, ya ɗage zuwa tashar jirgin ruwa karɓar kaya, ya zauna jira. Maigida ya iso, ko zama bai yi ba, ya gaisa daga bakin ƙofa ya wuce masallaci. Wallahi na ga yadda fuskar mutumin ta canja, abin ya tsaya mini a rai har yau.

Abin da ya kamata a rubuta shi ne "pasaré por la tienda". Kalmar "pasar" wucewa ce, daidai da namu "zan biyo ta shagonka". A Sifaniya suna cewa "pásate por casa", ka leƙo gida in ka samu sarari. Ba sa'a, ba shiri. Akwai kuma "dejarse caer", ka bar kanka ka faɗo, ga wanda ya zo ba zato. Ranar da na fara jinta daɗi ya kama ni, domin mu ma muna cewa wane ya faɗo mana tsakar rana. Mutanen Meziko ma "te caigo" suke cewa, zan faɗo maka.

Hausa ce ta warware mini wannan, ba ƙamus ba. Wanda ya san bambancin leƙowa, biyowa, ratsowa da ziyara ba zai ruɗe ba. To amma sau nawa muke jin masu fassarar labarai suna mai da kowane zuwa ziyara? Ina roƙon ka buɗe fili a jaridarka, ko sau ɗaya a wata, inda tafintoci za mu riƙa baje irin waɗannan kalmomi.

Naka,
Wani tafinta,
Malabo