Rahoton Shekara Daga Sakatare: Kuɗin Wata, Taron Dalma Da Rumfar Da Ta Tsaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Sarkin Baka, mai girma shugaba, iyayenmu dattawa da sauran 'yan uwa maharba, ga bayanin abin da muka yi bana da wanda ya gagare mu. Na saka shi a zaurenmu na WhatsApp tun kafin ranar taro don kowa ya karanta a tsanake. Dattijon da idonsa ya yi rauni, ɗansa ya karanta masa.

Taron wata-wata an yi shi yadda aka saba, sai na watan azumi da aka ɗage. Mun je ta'aziyyar 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya sa namu ya yi kyau in ya zo.

Maganar kuɗin wata kuwa na gaji da ita, amma dole in fara da ita, domin duk abin da za ku karanta a ƙasa na aikin da ya tsaya, nan tushensa yake. Waɗanda suka biya shekara cif ba su kai rabinmu ba. Littafin yana hannun ma'aji, duk mai shakka ya je ya duba sunansa. Ni da shi mun bi mutane har gida, daga Rigasa zuwa Kawo, daga Tudun Wada zuwa Rigachikun, da man mashin ɗinmu. Wani ya ce sai an sayar da masara, an sayar, shiru. Wani ya daina ɗaukar waya. Na san halin da ake ciki na tsadar rayuwa, ni ma a kasuwa ɗaya nake awo da ku, kuma wanda ya zo ya ce ba shi da hali mun ɗaga masa ƙafa ba tare da mun faɗa wa kowa ba. Wanda yake ci mini rai shi ne mutumin da ba ya biya, ba ya zuwa taro, amma ranar da aka tsayar da shi a shingen bincike da adaka a kafaɗa, ni ne farkon wanda zai kira cikin dare in zo in shaida cewa ɗan ƙungiya ne.

Abin da ya faranta mini rai a shekarar nan shi ne taron dalma da muka yi bayan Babbar Sallah a filin maƙerar ɗan uwanmu. Kun san asalinsa. Tun bara ake ja-in-ja a zaure tsakanin masu cewa a hana 'yan ƙungiya narka dalma a gida don yin harsashi da masu cewa ba wanda ya isa ya hana su abin da suka gada. Shugaba ya ce a daina musu a waya, a zauna a ji dalilin kowa ido da ido. Jama'a sun cika filin har tabarmi suka kasa, kuma a karon farko matasan da ba sa leƙo taron wata sun zo.

Dattijonmu mafi tsufa ne ya buɗe magana. Ya sa aka ɗauko bindigogi uku da aka tabbatar babu ɗuri a cikinsu, ya ba wani yaro harsashin dalma guda ɗaya ya ce ya gwada a bakin kowacce. A ta farko ya shige daidai, a ta biyu ya faɗa kamar tsakuwa a rijiya, a ta uku ya ƙi shiga. Baba ya ce to ga amsarku nan. Adaka aikin hannu ce, maƙeri daban-daban, bututu daban-daban, ba ka samun biyu masu baki ɗaya. Babu shagon da zai sayar maka da harsashin da ya dace da taka. In ya yi mata sako-sako ƙarfin albarushi ya zurare ta gefe, harbi ya kauce. In ya matse ka tura shi da ƙarfi, kai ka saka kanka a haɗari. Saboda haka maharbin da ya san abin da yake yi, mazubin harsashi da ya dace da bindigarsa yake nema, ya riƙe shi shekara da shekaru, wani ma daga hannun mahaifinsa ya karɓa.

Daga nan maƙerin ya karɓa, ya yi bayanin abin da ya sa dalma ce aka zaɓa tun fil azal. Tana narkewa a zafin digiri 327, abin da wutar gawayi ke kaiwa ba tare da wahalar zugazugi ba, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500. Ga nauyi: dunƙulen dalma ya fi dunƙulen ƙarfe mai girmansa nauyi da kusan rabi, shi ya sa take riƙe ƙarfinta har nesa. Ga kuma laushi, ba ta cin cikin bututu. Ya nuna mana wata bindiga da aka kawo masa gyara, cikinta duk ya ƙarje saboda mai ita yana ɗura mata guntayen ƙusa da ƙwallayen boris na keke. Irin wannan ɗuri shi ne ke dukan dutse ya dawo kan mai harbi ko abokin tafiyarsa, kuma shi ne ke raunata gada ko gadu ba tare da ya kayar da ita ba, ta gudu ta je ta mutu mushe a cikin duhuwa. An yi asarar nama, an azabtar da dabba a banza. Ni a ganina wannan dalili kaɗai ya isa a ce mai zuba dalmarsa ya fi mai ɗura tarkace hankali, kuma na faɗi haka a wurin.

Masu bindiga mai baki biyu su ma sun yi magana, tasu ta kuɗi ce. Harsashinsu daga waje ake shigo da shi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinsa ya fi ƙarfin manomin da ke son korar birai daga gonar masara ko ya samo zabon daji na miya. Da yawansu sun rataye ta sun koma wa adakar kakanninsu. Wani ɗan uwa da ya yi karatu a waje ya ba mu labarin cewa a Amurka, inda harsashi ke cike da shaguna, akwai dubban mutane da ke zuba nasu da hannu, har suna da ƙungiyar masu bindigar ɗuri ta baki da aka kafa tun 1933, suna taruwa a wani ƙauye mai suna Friendship a jihar Indiyana. Dalilansu kusan namu ne: sauƙin kuɗi, samun wanda ya dace da tsohuwar bindiga da kamfani ya daina yi wa harsashi, da daɗin da mutum ke ji in abin da ya yi da hannunsa ya sauka inda ya saita. Dattawa sun ji daɗin wannan labari ƙwarai, domin an daɗe ana nuna musu cewa abin da suke yi ƙauyanci ne.

Sai dai wanda ya girgiza taron shi ne jami'in lafiyar da muka gayyato. Bai ce a daina ba, tambaya ya yi: a ina kuke narkawa? Aka yi shiru. Kowa ya san amsar, a tsakar gida ne, kusa da murhu, wani ma da tsohuwar tukunyar uwargida. Ya tuna mana da abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 saboda ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a ƙasar da yara ke rarrafe. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabtanmu ta ɓangaren Birnin Gwari, yara 28 suka rasu. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani mizani na dalma a jini da za a kira mara illa, kuma jikin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar na babba. Ba lallai yaron ya faɗi yana farfaɗiya ba. Sau da yawa ƙwaƙwalwa take ci a ɓoye, sai a ga yaro ba ya gane karatu a ɗauka daƙiƙanci ne. Mai juna biyu kuma tana miƙa wa abin da ke cikinta.

Ya ja kunnenmu a kan batirin mota, wanda na san wasunmu na saye a hannun 'yan gwangwan don ya fi arha. Fasa shi na fitar da ruwan asid da ƙura mai guba, narka farantansa kuma na tayar da hayaƙi mai kisa. Maƙerin ya ƙara da nasa gargaɗin na ruwa: ɗigo ɗaya da ya shige ƙarƙashin narkakkiyar dalma, ko ludayi mai laima, ya isa ya watsa ta a fuskar mutum. Ya kware hannun rigarsa ya nuna tabon da ya samu tun yana yaron maƙera. An kuma yi maganar nama, cewa a yanke a zubar da wurin da harsashi ya ratsa, kada a ba yara, domin dalma na barin ɓurɓushi. Nan ne ɗan uwan nan da ya yi karatu a waje ya ce jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya tun 2019. Wasu matasa suka ce mu ma a nemi madadi, dattawa suka ce da me. Ba a cimma matsaya a kan wannan ba, kuma ban ga laifin hakan ba, tunda a ƙalla an fara maganar.

An tashi da shawara guda wadda kowa ya ɗaga wa hannu: daga yanzu ba a narka dalma inda ake girki ko inda yara ke wasa, kuma za a yi rumfa ɗaya ta ƙungiya a bayan gari, a fili mai iska, da kayan aikin da ba sa komawa gida, da wurin wanke hannu da canza riga. An ci tuwo da miyar kuka da naman da wani ɗan uwa ya ba da sadaka, aka yi addu'a aka watse bayan la'asar. Matan wasu daga cikinmu sun aiko da godiya daga baya. Allah ya saka wa maƙerin da jami'in lafiyar, ko kuɗin mota bai karɓa ba.

To ina rumfar? Wannan tambayar ake ta jefa mini a zaure, wasu da habaici, don haka bari in amsa dalla-dalla. Wuri mun samu, ɗan uwa ne ya ba mu aron gefen gonarsa. Mun je kasuwar Panteka mun ji farashin kwano da ƙarafa, mun sayi ginshiƙai an kafa. Da muka koma sayen kwano farashi ya tashi, asusu kuma babu abin da ya ƙaru a cikinsa, damina ta sauka a kanmu. Ba wanda ya ci ko kwabo, rasit na nan a manne cikin littafi. Waɗanda suka fi ɗaga murya a zaure, na duba, yawancinsu ba su biya kuɗin wata ba balle gudummawar rumfa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ke hana ni barci shi ne na san har yanzu akwai gidajen da ake narkawa a tsakar gida, tunda ba mu ba su inda za su koma ba.

Akwai kuma dalili na biyu da ya fi kwano nauyi. Dokar makamai ta 1959 ta ware bindigogin ɗuri irin adaka a rukuninsu, ta kuma yi magana a kan ƙera makami da harsashi, ba ta bar abin sakaka ba. Shugaba ya ce, kuma ina tare da shi, ko da an gama rumfar ba za a hura wuta a cikinta ba sai muna da izini a rubuce daga hukuma. A Kadunar yau, inda kalmar 'yan bindiga ta tashi daga masu buga adaka a hawan Sallah ta koma sunan masu satar mutane, ba za mu tara maharba da dalma a bayan gari ba tare da takarda ba. Wasiƙar neman izinin na rubuta ta tuntuni, tana cikin jakata. Abin da ya hana a miƙa ta shi ne jerin sunaye da kwafin lasisin kowa da ya kamata a haɗa. Sau uku ina sanarwa, waɗanda suka kawo 'yan kaɗan ne. Ba zan kai takarda da rabin sunaye ba, kuma ba zan saka sunan wanda ban ga lasisinsa da idona ba, ko ɗan uwana ne na jini. Wanda nasa ya ƙare ya faɗa mini gaskiya mu san yadda za a bi a sabunta.

Farautar rani ta haɗin gwiwa ba a yi ta ba bana ma. Dattawa ne suka hana saboda yanayin hanya da daji, kuma sun yi daidai. Ina sake tunatar da matasa cewa gandun Kamuku wurin da gwamnati ta killace ne, farauta haramun ce a cikinsa ko da lafiya lau ake, wanda aka kama a can kada ya kira sunan ƙungiya. Katin shaida da aka yi alkawari shi ma bai fito ba, mai bugawa na jiran kafin alƙalami.

Na roƙi shugaba a nemo mini mataimaki a sabuwar shekara, wanda zai riƙe ɓangaren Rigasa da Tudun Wada wajen karɓar kuɗi, don aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya mai iyali da sana'a. Taro na gaba yana nan a wurin da aka saba, bayan la'asar. Kowa ya zo da kwafin lasisinsa, hoton fasfo biyu, da abin da ake bin sa ko wani abu daga ciki. Za a karanta sunayen waɗanda suka kammala biya, sannan a yanke abin da kowa zai bayar na kwano kafin ruwan farko ya sauka.

Wassalam.
Sakatare