Bashin biki ne ya rusa gidan Radha

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana kan tsohon fim ɗin Indiya, Mother India, wanda Mehboob Khan ya shirya a 1957, shekara goma bayan Indiya ta samu 'yancin kai. Mun daɗe muna kallonsa a silimomin Arewa, kuma har yau in aka tuna shi sai ka ji ana yaba haƙurin uwa, ana tsine wa ɗanta Birju. Ni ba a nan nake ganin zuciyar labarin ba.

Rufi 500, kuɗin Indiya, uwar ango ta ranto wajen Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa, don a yi bikin ɗanta Shamu da Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta. Da aka yi gardama kan sharaɗin bashin, dattawan gari suka goyi bayan mai kuɗi. Daga nan kashi uku cikin huɗu na amfanin gona ya zama nasa, kuɗin ruwa kawai, uwar kuɗi tana nan daram. Shamu ya shiga sharar fako don ya ƙara gona, dutse ya murƙushe masa hannuwa biyu, kunya ta sa ya sulale ya bar mace da 'ya'ya. Ambaliya ta zo ta ƙarasa sauran.

Birju fitinanne ne, ban musa ba. Sace 'yar mutane ranar aurenta ba shi da hujja, kuma na fahimci dalilin da uwarsa ta harbe shi. Amma a duk ƙauyen shi ne ya dage sai ya ga littafin bashin, da aka miƙa masa kuwa bai iya karantawa ba. Wannan wurin ya fi sosa mini rai, wataƙila don aikin koyarwa na yi har na aje. Madatsar ruwan da aka kira Radha ta buɗe a tsufanta ba ta dawo mata da miji ko ɗa ba.

A unguwarmu na san magidancin da ya jinginar da gonar gado don kayan ɗaki da gara, yau wani ke nomanta, 'ya'yansa maza biyu sun tafi ci-rani ba sa ko kiransa.

Ina roƙon gidajen talabijin ɗinmu su maimaita fim ɗin da fassarar Hausa kafin kaka, lokacin da ake sa ranakun aure, kuma kada a datse wurin zaman dattawan nan.

Naka,
Tsohon malamin firamare, Funtuwa