Takardar sakamakon ɗalibi ta wuce tambayar "na nawa ka zo?"

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da 'yan'uwana iyaye, musamman na nan Zariya da kewaye, a kan wata takarda da ke shiga gidajenmu sau uku a kowace shekara, amma kaɗan ne daga cikinmu ke karanta ta yadda ya kamata, wato takardar sakamakon da makarantun sakandare ke ba 'ya'yanmu a ƙarshen kowane zangon karatu. Na daɗe ina koyarwa a sakandare kafin in yi ritaya, kuma abin da na lura da shi shi ne, ko a gidan ɗan boko ko a gidan wanda bai taɓa shiga aji ba, tambaya ɗaya ake yi wa yaro idan ya shigo da takardar: na nawa ka zo? Idan ya ce na uku, a sa masa albarka, wataƙila har a yi masa ɗinki. Idan ya ce na talatin, a rufe shi da faɗa, daga nan a ninke takardar a jefa cikin akwati. A ganina, wannan lamba da muka ɗauka da girma ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da aka rubuta a takardar.

Matsayin yaro a aji ba ya nuna abin da ya sani, yana nuna inda ya tsaya ne kawai tsakanin yaran da Allah Ya haɗa shi aji ɗaya da su. Manomi na iya fin duk maƙwabtansa amfanin gona a shekarar da damina ba ta yi kyau ba, amma ranar da ya kai hatsinsa kasuwa da tiya za a auna masa, ba wanda zai tambaye shi abin da maƙwabcinsa ya samu. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 kuma take da hedikwata a Minna, wato hukumomin da ke shirya jarrabawar kammala sakandare, ba sa rubuta matsayin ɗalibi a aji a kan takardar shaidarsu. Haka ma hukumar NBAIS mai shirya jarrabawar makarantun Larabci da addinin Musulunci, wadda ta daɗe a ƙarƙashin Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya. Abin da suke rubutawa shi ne daraja ko matakin da ɗalibi ya samu a kowane darasi shi kaɗai, kuma da wannan ne ake neman gurbin karatu a gaba.

To, yaya ake haɗa makin da muke gani a gaban kowane darasi? Tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a), aka amince cewa bai dace a rataya makomar yaro a kan jarrabawar rana ɗaya ba, saboda haka aka shigo da awon fahimta na yau da kullum, abin da malamai da ɗalibai ke kira CA. Wannan ya ƙunshi gwaje-gwajen da ake yi a tsakiyar zango, da aikin gida, da aikin aji, wani lokaci har da duba littafin rubutun yaro da aikin da ake ba su a rukuni. Yawancin makarantu suna ware wa wannan ɓangare maki 30 ko 40 cikin 100, sauran 70 ko 60 kuma su bar wa jarrabawar ƙarshen zango. Shi ya sa idan uba ya duba takardar da kyau zai ga layuka a tsaye kafin a kai ga jimla: gwaji na ɗaya, gwaji na biyu, aikin gida, jarrabawa, sannan jimla da daraja. A cikin waɗannan ƙananan layuka ne labarin yaron yake.

Bari in kawo misali, domin lissafin ya fito fili. A ce makaranta tana ba CA maki 40, jarrabawa 60. Yarinya ta samu 42 a jarrabawar lissafi, wanda ya nuna ta fahimci darasin sosai, tun da kashi 70 cikin 100 ke nan na abin da aka tambaye ta. Amma a CA ta samu 12 kacal, saboda ranar gwaji na ɗaya an hana ta zuwa makaranta domin biki, aikin gida kuma ba ta miƙa ba saboda aikace-aikacen cikin gida sun sha mata kai. Jimlarta ta zama 54. Da ta samu 28 a CA, daidai da ƙoƙarin da ta nuna a jarrabawa, da jimlarta ta kai 70. Uban da ya ga 54 kawai zai ce yarinyar ba ta da kan lissafi, har ya soma tunanin ɗauko mai koya mata darasi a gida, alhali matsalar ba ta cikin kanta, tana cikin yadda aka tsara mata lokaci a gidan. Akasin haka ma yana faruwa: yaro ya kwashe 35 a CA amma ya tashi da 15 a jarrabawa. Wannan alama ce da ya kamata ta tayar wa iyaye hankali, domin sau da yawa tana nufin ko dai ana yi masa aikin gida, ko yana kwafar na abokai, ko kuma yana haddace abu na ɗan lokaci ba tare da ya zauna masa ba.

Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba game da zango na uku. A makarantu da dama, ba sakamakon zango na uku kaɗai ake dubawa wajen ciyar da yaro gaba ba; ana haɗa na zango na ɗaya da na biyu da na uku a raba uku, a fitar da matsakaicin maki na shekara. Ke nan yaron da aka bari ya yi makonni bai koma makaranta ba a farkon shekara, saboda girbi ko saboda jinkirin biyan kuɗin makaranta, yana ɗauke da wannan giɓi har ƙarshen shekara. A babbar sakandare lamarin ya fi haka nauyi, domin makarantu suna tura wa hukumar WAEC makin CA na ɗalibansu tun daga aji ɗaya har zuwa aji uku, saboda haka shekarar farko ta babbar sakandare ba shekarar hutu ba ce kamar yadda wasu yara ke ɗauka bayan sun gama jarrabawar ƙaramar sakandare.

Sai batun haruffa da lambobin nan da ke rikita mutane, daga A1 zuwa F9. Matakai tara ne. A1 ita ce mafi daraja, sai B2 da B3, sai C4 da C5 da C6, kuma duk waɗannan shida ana lissafa su a matsayin kiredit. D7 da E8 cin jarrabawa ne da ƙyar, ba kiredit ba ne, F9 kuwa faɗuwa ce. Jadawalin da makarantu suka saba amfani da shi yana sa A1 daga maki 75 zuwa sama, B2 daga 70, B3 daga 65, C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50, D7 daga 45, E8 daga 40, duk abin da ya gaza 40 kuma F9. Iyakar da ya kamata kowane uba da kowace uwa su riƙe a kai ita ce tsakanin C6 da D7. Maki ɗaya ne ya raba 49 da 50, amma wannan maki ɗaya na iya zaunar da yaro a gida shekara guda. Na sha ganin iyaye suna murna cewa ɗansu bai faɗi ko darasi ɗaya ba, tun da babu F9 a takardarsa, sai an je neman shiga jami'a su gane cewa tarin D7 da E8 ba ya buɗe ƙofar.

Abin da jami'o'i ke nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da yaro ya zaɓa, ciki har da Turanci, da kuma lissafi ga duk mai son kimiyya ko aikin injiniya ko likitanci ko harkar kasuwanci, kuma a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Mai son karatun likita yana bukatar kiredit a Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, jami'o'i da yawa ma suna so a same su a zama ɗaya. A nan ne yaudarar matsayi da matsakaicin maki ke bayyana. Yaro na iya zuwa na uku a ajinsa da matsakaicin maki 62, saboda ya kwashi maki masu yawa a Hausa da ilimin addini da aikin gona, amma yana da 41 a lissafi da 46 a Turanci. Ba na raina waɗancan darussa ko kaɗan, domin Hausa fanni ce da ake yin digiri har na uku a kanta a Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru, amma darussan da suka ɗaga shi ba za su biya masa bashin waɗanda suka kayar da shi ba. Idan aka gane wannan tun yana aji ɗaya na babbar sakandare, akwai shekara biyu na gyara. Idan kuwa sai sakamakon WAEC ya fito aka gane, sai dai a sake biyan kuɗin jarrabawa, ko kuma, Allah Ya kiyaye, a faɗa hannun masu cibiyoyin satar amsa, inda sau da yawa ake ƙarewa da hukuma ta riƙe sakamakon ko ta soke shi gaba ɗaya.

Jarrabawar JAMB kuma, wato ta neman shiga jami'a da sauran manyan makarantu, awo ne daban, kada a haɗa ta da waɗannan. An kafa hukumar a 1978, ana yin jarrabawarta a kwamfuta, a darussa huɗu da Turanci ya zama dole a cikinsu, jimlar makinta kuma 400 ne. Samun maki mai yawa a JAMB ba ya maye gurbin kiredit, haka nan kiredit tara ba ya maye gurbin JAMB.

A ƙasan takardar ko a bayanta akwai wani ɓangare da kusan ba wanda ke kallo, inda ake auna halayen yaro da aikin hannunsa: zuwa a kan lokaci, tsafta, ladabi, mayar da hankali a aji, zama lafiya da abokai, kyawun rubutu da wasanni, yawanci da lamba daga 1 zuwa 5. Kusa da shi ake rubuta yawan kwanakin da aka buɗe makaranta da yawan kwanakin da yaro ya halarta. Wannan layi na ƙarshe ya fi kowane tona asiri, domin yaron da ke fita gida kullum da safe sanye da kayan makaranta, amma takarda ta nuna ya rasa kwanaki masu yawa, akwai inda yake tsayawa a hanya. Dole in faɗi gaskiya game da mu malamai a nan: a ajin da ya cika maƙil da ɗalibai, wasu malaman aji suna cika wannan ɓangare a gurguje, su ba kowa lamba iri ɗaya, su rubuta wa kowa sharhi iri ɗaya na kalma biyu da Turanci. Wannan ba adalci ba ne ga yaro, kuma shi ya sa iyaye suka daina ɗaukar ɓangaren da muhimmanci.

Saboda haka ina da roƙo ga shugabannin makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu. Zariya gari ne da ya yi suna da ilimi, garin Kwalejin Barewa da Alhudahuda, kuma bai dace a ce uwa a Tudun Jukun ko Kwarbai ko Gyallesu tana karɓar takardar ɗanta ba tare da an taɓa zaunar da ita an fassara mata abin da ke ciki ba. Ba abu ne mai tsada ba a buga ma'anar darajoji da yadda aka raba maki da Hausa a bayan kowace takarda, har da ajami inda ake bukata, tun da akwai iyaye da yawa da ke karanta ajami fiye da boko. Taron iyaye da malamai kuma kada ya tsaya ga maganar kuɗin gini da na kujeru; a ware masa lokaci ko sau ɗaya a shekara, a kawo takardar misali marar suna, a bi ta layi bayan layi, a kuma zaɓi lokacin da mata za su iya halarta, domin su ne suka fi sanin ranar da yaro ya yi aikin gida da ranar da bai yi ba. Abu mafi muhimmanci, a riƙa sanar da iyaye makin gwaji na ɗaya tun a tsakiyar zango, lokacin da sanin zai yi amfani, maimakon a tara komai sai ranar hutu. Makarantun da suka koma saka sakamako a intanet su tuna cewa ba kowane gida ke da babbar waya ko kuɗin data ba, saboda haka a ci gaba da bayar da takarda a hannu ga mai so.

Ga 'yan'uwana iyaye kuma, haƙƙinku ne ku je makaranta cikin mutunci ku nemi ganin malamin aji, ku tambayi nawa aka ware wa CA, nawa aka ware wa jarrabawa, ku kuma nemi a nuna muku takardar amsar yaro idan wani maki ya ba ku mamaki, domin malami mutum ne, yana iya kuskure wajen tara lambobi. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da wani babban ɗa ko maƙwabci da ya amince da shi. Ku adana takardun zango uku wuri ɗaya, ku jera su ku duba Turanci da lissafi da darussan fannin da yaron ke so, ku ga ko makin yana hawa ne ko yana sauka. Ina kuma fata wannan jarida za ta gayyato jami'an ma'aikatar ilimi ta Jihar Kaduna su yi wa masu karatu bayani da Hausa a kan ƙa'idojin ciyar da ɗalibi gaba da na maimaita aji, kafin a raba sakamakon zango mai zuwa.

Na gode da wannan dama da aka ba ni.

Naka,
Wani malamin sakandare mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.