Hayar gona ta damina ɗaya ce ke cinye ƙasa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu ce wani abu kan zargin da ake yi wa manoma cewa ba sa kula da ƙasa. Kafin a zargi mutum, a fara tambayarsa: gonar ta gado ce, ko saye, ko aro, ko haya, ko jingina?

Takin gargajiya yakan yi aiki damina biyu zuwa uku. Wanda ya karɓi hayar damina ɗaya ba zai sayi amalanken taki ya zuba don wani ya mora ba. Yuriya zai watsa, ya girbe, ya kwashe kara da harawa ƙaf, ya bar ƙasa tsirara iska na ɗiba, ruwan farko na zaizaya. In ma ya yi ta maza ya gyara, mai gona na ganin yabanya ta yi kyau, baɗi sai ya ƙara kuɗi ko ya karɓe abarsa. Mai riƙe da jingina ma ba shi da tabbas, ranar da aka dawo masa da kuɗinsa an gama. Itace kuwa, mai aro bai isa ya dasa ba, don ana ɗaukar hakan neman mallaka.

A Maradi da Damagaram sassaben zamani ya karɓu ne da manoma suka tabbata itacen da suka yi renonsa nasu ne. Maimakon a sare tohon kututturen gawo ko kalgo, sai a bar rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a datse sauran. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 kuma ta kafa kwamitocin filaye masu rubuta takardar saye, aro, haya da jingina. A Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar riƙon gonar karkara, amma ƙananan manoma kaɗan ne ke da ita.

Ba sai an jira gwamnati ba. A rubuta yarjejeniya gaban dagaci da shaidu, ta shekara uku zuwa biyar. A fayyace amalanken taki nawa za a zuba, karan da za a bari a gona, da wanda zai ɗauki itacen da aka datse. In mai gona ya karɓe ta kafin wa'adi, ya biya kuɗin takin da bai gama aiki ba.

Daga wasu malaman gona,
Katsina.